Allurar Baya Ko Barcin Tiyata: Tambayar Da Mai Sauya Gwiwa Ya Kamata Ya Yi

Duk wanda amosanin gaɓɓai ya cinye masa gwiwa har likita ya ce sai an sa masa ta ƙarfe da roba, tambayoyinsa ba sa wuce kuɗin aiki, da ƙwarewar likitan ƙashi, da ranar da zai sake taka ƙafa. Ko a Asibitin Ƙashi na Dala za a yi aikin, ko a Indiya ko Masar, da wuya ka ji ya tambayi yadda za a kashe masa zafi. Alhali hanya biyu ce: ko a sa shi barci gaba ɗaya, na'ura ta riƙa taimaka masa da numfashi, ko a yi masa allurar baya, jikinsa ya mutu daga ƙugu zuwa ƙasa na 'yan sa'o'i. A ganina allurar baya ce ta cancanci zama zaɓin farko muddin babu abin da ya hana, kuma gudun ƙwayoyin cuta na cikin dalilan.

Mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ne ƙwayoyin cuta ke shiga sabuwar gwiwarsu, amma wanda abin ya faɗa wa ya san ba ƙaramar masifa ba ce. Jini ba ya gudana a cikin ƙarfe, don haka ƙwayoyi irin su Staphylococcus aureus sukan manne masa, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya iya ratsawa sosai. Gwiwa ta kumbura, ta ɗau zafi, wurin ɗinki ya yi ta tsiyayar ruwa. Sau da yawa sai an cire ƙarfen, a dasa siminti mai magani, a shafe makonni shida ana allurai, sannan a sake wata tiyatar.

A 2010 masu bincike a Taiwan sun duba bayanan mutum 3,081 da aka sauya wa gwiwa ko ƙugu. Cikin kwana 30, kashi 2.8 cikin ɗari na waɗanda aka sa barci sun kamu da cuta a wurin yanka, waɗanda aka yi wa allurar baya kuwa kashi 1.2 ne. A 2013 likitocin Jami'ar Iowa a Amurka sun bi bayanan aikin gwiwa 14,052, suka tarar masu allurar baya sun fi tsira daga cutar saman fata, kuma ba su kai sauran buƙatar ƙarin jini ba. Akwai dalili a jikin ɗan Adam: allurar tana buɗe hanyoyin jinin ƙafa, iskar oksijin ta wadata a wurin yanka, kuma da ita fararen ƙwayoyin jini ke kashe cuta. Allurar tana kuma toshe saƙon zafi kafin ya kai ƙwaƙwalwa, sai firgicin jiki da ke raunana garkuwa ya ragu.

Mai ja zai ce waɗannan binciken bitar tsofaffin fayiloli ne, ba gwajin da aka raba majiyyata ta ƙuri'a ba, kuma mai yiwuwa waɗanda suka fi rauni ne tun farko aka sa barci. Maganarsa tana da nauyi, domin a 2015 binciken asibitin Mayo bai ga bambanci tsakanin hanyoyin biyu ba. Shi ya sa taron ƙwararru na ƙasa da ƙasa da ya fitar da matsaya a 2019 ya fifita allurar baya a aikin gwiwa, amma ya bayyana cewa hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Sai dai a lura da inda ma'auni ya karkata: wasu binciken sun ga riba, wasu sun ga kunnen doki. Idan aka haɗa da raguwar ciwon huhu da zubar jini, hankali zai zaɓi ɓangaren da ribar take.

Wani kuma tsoro ne ke hana shi, irin wanda ake ji a bakin matan da aka yi wa tiyatar haihuwa, cewa allurar tana bar wa mutum ciwon baya ko ta shanye ƙafa. Ana saka ta ne ƙasa da inda lakar baya ta ƙare, kuma shanyewar ƙafa abu ne mai matuƙar wuyar aukuwa. Abin da aka fi gani shi ne saukar bugun jini, da riƙewar fitsari, da ciwon kai mai wucewa. Mai fargabar jin ƙarar zarto ana iya ba shi maganin da zai yi gyangyaɗi. Amma mai shan maganin tsinka jini, ko mai ƙurji a wurin allurar, ko mai tsananin ƙuntatar ƙofar zuciya, barcin zai iya fiye masa aminci.

Allurar baya ba laya ba ce. Ba ta maye gurbin saita sukari, da barin sigari, da rage ƙiba, da maganin rigakafi cikin sa'a guda kafin a sa wuƙa, da ɗumama jikin majiyyaci a ɗakin tiyata. Amma wanda zai kashe miliyoyi a kan gwiwa, haƙƙinsa ne ya zauna da likitan sa barci tun kafin ranar aiki, ya faɗa masa duk magungunan da yake sha, ya tambaye shi ko allurar baya za ta yi masa, in kuma ba za ta yi ba, ya ji dalili.