Ƴan badujalar Amurka a Ayalan: fareti na yini ɗaya, yawon buɗe ido na mako

Duk ranar 17 ga Maris, tun da hantsi titin O'Connell da ke tsakiyar birnin Dublin ke cika maƙil da jama'a sanye da koren tufafi. Ranar Saint Patrick ce, bikin ƙasar Ayalan. Da yawa cikin masu busa ƙaho da kaɗa ganga a jerin gwanon kuwa baƙi ne, ɗaliban sakandare da na jami'o'in Amurka da suka ƙetaro teku da kayan kiɗansu, bayan dogon lokaci suna tara kuɗin jirgi.

Faretin ba ya wuce ƴan sa'o'i. Sauran kwanakin, mota ce da ɗan jagora. A kan fara da jami'ar Trinity, inda aka adana Littafin Kells, Linjila da aka rubuta da hannu wajajen shekara ta 800. A ginin ne kuma wani tsohon molo mai tsarkiya da yawa yake, wanda siffarsa ce tambarin ƙasar, har a jikin kwabban yuronta. Daga nan sai yamma, tsaunukan Moher masu tsayin mita 214 a bakin tekun Atilantika. A ɗauki hoto, iska ta kwashe huluna, a koma mota.

Wurin da ya fi cancantar a daɗe shi ne bakin kogin Liffey. Can aka kafa mutum-mutumin wasu ramammun mutane rungume da ƴan ƙunshinsu, sun nufi tashar jirgin ruwa. Tunawa ce da babbar yunwar 1845 zuwa 1852, lokacin da cuta ta lalata dankalin da talakawa suka dogara da shi. Kimanin mutum miliyan 1 suka mutu, wasu fiye da miliyan 1 suka yi ƙaura. Yau Amurkawa sama da miliyan 30 ne ke cewa asalinsu Ayalan, don haka wasu daga cikin yaran nan ƙasar kakanninsu suka zo. Ƙasar ba ta manta da yunwar ba: ƙungiyar agaji ta Concern, wadda mutanen jihar Tawa suka san aikinta, a Dublin cibiyarta take.

Shi kansa kiɗan gargajiyar ƴan ci-rani sun taka rawa wajen riƙe shi. Francis O'Neill, haifaffen yankin Cork da ya zama shugaban ƴan sandan Shikago, ya bi ƴan ƙasarsu makaɗa yana tattara kiɗe-kiɗensu, ya buga guda 1,850 a littafi cikin 1903. Daga baya faya-fayan da Michael Coleman, mai gogen Sligo, ya naɗa a Niuyok suka komo gida, samari suka koya daga gare su. Har faretin ma, Niuyok na yin nata tun 1762.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Ainihin kiɗan ba a dandali ake yin sa ba. A mashaya ake zama, a ƙauyuka irin su Doolin, kusa da Moher: mai goge, mai sarewa, mai gangar bodhrán da mai busar uilleann, wadda ake hura mata iska da zugazugi a ƙarƙashin gwiwar hannu, UNESCO kuma ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2017. Babu takarda, da kunne ake koyo. Zaman yakan yi armashi ne da dare, ga shi doka ta taƙaita zaman ƴan ƙasa da shekara 18 a mashaya bayan ƙarfe 9. Ɗaliban sakandare sukan ƙare ne a wasan rawa da aka shirya wa baƙi tare da abincin dare. Da kyau, amma na kasuwa ne.

Harshen ma haka. Allunan hanya da harsuna biyu suke, amma a ƙidayar 2022, cikin mutum miliyan 5 da ɗoriya, kimanin 72,000 ne kacal ke magana da harshen Ayalan kullum a wajen makaranta.

Ga matasan makaɗa na Yamai ko Damagaram masu burin irin wannan tafiya: Ayalan tana cikin Tarayyar Turai amma ba ta cikin yankin Shengen. Bizar Faransa ba ta shigar da mutum Dublin, sai ya nemi tata daban.