Kafinta Da Injin Rauta: Zaɓen Baki Shi Ne Rabin Aiki

Tun daga 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a Nijeriya, bukatar kujeru da tebura iri ɗaya ta ƙaru ƙwarai a makarantu da ofisoshi. Kafintan da aka ba kwangilar kujeru ɗari ba zai tsaya auna kowace ƙafa dabam ba. Abin da yakan yi shi ne ya yanka samfuri guda da filawud, ya manna shi a jikin katako, sa'an nan injin rauta ya bi gefen samfurin yana aske abin da ya yi saura. Amma fa nasarar wannan aiki ta dogara ne ga irin bakin da aka ɗaura wa injin.

Bakin da ya dace da wannan aiki yana ɗauke da ɗan boris wanda faɗinsa ya yi daidai da na wuƙar. Boris ɗin ne ke gungurawa a gefen samfurin, ita kuwa wuƙar tana cin katako. Iri biyu ne aka fi sani: mai boris a tsini, da mai boris a wajen gindi. Idan injin yana hannu, samfurin kuma yana bisa katako, sai a ɗauki mai boris a gindi. In kuwa samfurin yana ƙasa, mai boris a tsini ake so. Ga wanda ya kafa injinsa a ƙarƙashin tebur, al'amarin yakan juya. Akwai kuma mai boris biyu, wanda ke ba kafinta damar kifa katakon don kada wuƙar ta saɓa wa jijiyarsa ta tsage shi.

Abu na biyu shi ne kaurin gindin. Akwai mai rubu'in inci da mai rabin inci. Mai rabin inci ya fi ƙarfi, bai cika rawa ba, don haka shi ya dace da katako mai kauri. A nan akwai wani haɗari da ya kamata ɗalibai su lura da shi: rubu'in inci milimita 6.35 ne, ba 6 ba. Wanda ya sa baki mai milimita 6 a mariƙin rubu'in inci, to, yana iya suɓucewa injin yana tsakiyar gudu. Injin da ke juyawa fiye da sau 20,000 a minti ɗaya kuwa ba abin wasa ba ne.

Na uku, ƙarfen wuƙar. Baƙin ƙarfe mai araha yakan dakushe da wuri a kan filawud saboda gam ɗin da ke cikinsa, haka nan a kan loko, wanda a wasu lokuta akan sami dunƙulen ma'adini mai tauri a cikinsa. Baki mai kabaid ya fi tsada, amma ya fi daɗewa da kaifi. Wajibi ne kuma tsawon wuƙar ya ɗan ɗara kaurin katakon.

Ko da an sami baki nagari, sai an bi ƙa'ida. A fara rage katakon da zarto, a bar kamar milimita 2 kawai a bayan layi. A tura injin ya fuskanci juyawar wuƙar, kada ya bi ta. A cire wuta kafin a canja baki, a kuma duba boris ɗin, domin idan ya cije zai ƙona samfurin, duk abin da aka yanka bayansa kuma ya karkace.

Saboda haka ma'aikatan da ke sayo wa kwalejojin fasaha kayan aiki, ya kamata su tuntuɓi malaman kafinta kafin su rubuta oda. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kuɗin da aka yi tsimi a kan baki, a kan katakon da ya lalace ake biyansa, wani lokaci ma a kan yatsan ɗalibi.