Hasken Rana Da Ciwon Baƙin Ciki

Akwai wata magana da ke yawo a bakin mutane, wai ƙwayar bitamin D tana warkar da ciwon baƙin ciki. Ya kamata malamai da 'yan kasuwa na ƙasar Haɗejia su san iyakar gaskiyarta, domin malam shi ake fara kai wa mai wannan ciwo, ɗan kasuwa kuwa shi ake tambaya magani.

Ciwon da ake nufi ya wuce ɓacin ran yini guda. Shi ne mutum ya yi mako biyu ko fiye zuciyarsa a ƙuntace, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita kansa, sana'ar da ya saba ta gagare shi. Bitamin D kuwa wani sinadari ne da fatar mutum ke yi in rana ta taɓa ta, ana kuma samun kaɗan cikin kifi mai mai da gwaiduwar ƙwai da hanta. Masunta da manoman shinkafa na fadama ba su rasa rana. Waɗanda ake ji wa tsoro su ne tsofaffi da majinyata da matan da ba su cika fita ko tsakar gida ba, balle a kwanakin hazo.

A shekarar 1999 an buga wani bincike da aka yi a Jos kan yara masu lanƙwasasshiyar ƙafa, cutar da a Turai aka san rashin bitamin D ke kawo ta. Ashe a wurin yaran nan babban dalili ƙarancin kalsiyam ne, sinadarin nan da ke cikin nono. Watau abin da ya tabbata a wata ƙasa sai an sake auna shi a tamu.

Game da baƙin ciki, a 2013 masana suka haɗa bincike da yawa na mutum wajen 31,000, suka ga lalle masu ƙarancin bitamin D sun fi yawan wannan ciwo. To, amma wanne ya riga wani? Mai baƙin ciki shi ke shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya ƙi cin abinci, saboda haka mai yiwuwa ciwon ne ya hana shi rana. Don a warware wannan, Dakta Olivia Okereke da abokan aikinta a Amurka suka gwada mutum 18,353 masu shekara 50 zuwa sama. Rabinsu aka ba su ƙwayar kullum, rabi aka ba su wata marar magani, har fiye da shekara biyar. Da aka bayyana sakamako a 2020, ba a ga bambanci tsakanin ɓangarorin ba. Sai dai yawancinsu da ma ba su da ƙaranci, don haka ba a rufe magana kan wanda jininsa ya nuna rashi sosai ba.

Manomin da ambaliyar 2022 ta cinye masa gona a Auyo ko Kirikasamma, ga bashi a wuyansa, an san asalin damuwarsa, ƙwaya kuwa ba ta biyan bashi. In ya daina magana da mutane, ko ya fara ambaton gara mutuwa, kada a tsaya sayen bitamin. A yi masa addu'a, a kuma kai shi Babban Asibitin Haɗejia, in abin ya fi ƙarfinsu su tura shi asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano.