Fartanyar da Ke Noma Ita Ke Ƙyalli

Duk manomin garin Sara ya san kamannin fartanya a tsakiyar damina: bakinta fari fat, ƙotarta sumul saboda gumin hannu. Amma jingine ta a gindin rumbu bayan kaka, ka dawo lokacin da hadari ya fara haɗuwa. Za ka tarar tsatsa ta cinye ruwanta, ƙota ta bushe tana girgiɗi. Ba wanda ya taɓa ta, kuma rashin taɓawar ne ya lalata ta.

Haka bayan ɗan Adam yake. A da, ƙafa ce ke kai mutum gona da kasuwa, mata na daka da surfe, guga na fita daga rijiya da ƙarfin damtse. Yau babur ya karɓi tafiya, inji ya karɓi niƙa, mai shago na wuni a kan benci. Sauƙi ne, mun gode Allah. Sai dai ga shi ko'ina kana jin "ƙuguna ya riƙe", "bayana ya ƙage". Ba mu kaɗai ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma babu larurar da ta kai shi nakasa mutane.

Idan fartanya ta dakushe, maƙera ake kai ta. Jiki ma yana da maƙeransa. Mu a nan muna da masu ɗori da masu tausa, asibiti na da likitocin gashin ƙashi. A Amurka da Turai akwai waɗanda ake kira kairofurakta, masu gyaran gadon baya da hannu, sana'ar da Daniel David Palmer ya fara a garin Davenport na jihar Iowa a 1895. Nagari daga cikinsu ba sa sallamar majinyaci da matsar hannu kawai. Sai sun tambaye shi yadda yake zama, me yake ci, ko yana shan taba, sannan su ɗora shi a kan tafiya da atisaye. Sun gane abin da maƙeri ya daɗe da sani: zai koɗa maka fartanya ta yi kaifi, amma ƙyallin nan na dindindin ƙasa ce kaɗai ke ba da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma nan ta dosa. A jagorar da ta fitar a Disamba 2023 kan ciwon ƙugu mai daɗewa, ta sa motsa jiki da wayar da kan majinyaci kafaɗa da kafaɗa da tausa da gyaran baya, ta kuma ce kada a dogara da ɗamarar da ake ɗaure ƙugu da ita. Ga baligi, tana son aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wato tafiyar sassarfa ta minti 30 kullum, kwana 5 a mako, ta wadatar.

Sai dai fartanya ba tsatsa kaɗai ke kashe ta ba. Wanda ya dinga kafta ta a kan dutse, karya ta zai yi. Dubi ɗan dako a kasuwar Sara yana sunkuyawa ya fizgi buhun hatsi da ƙugunsa. Shi ba motsi ya rasa ba, dabara yake buƙata: ya durƙusa, ya rungumi buhu kusa da jiki, cinyoyi su yi ɗagawar, ya nemi mai kama masa. Idan kuwa ciwon ya zo da mutuwar ƙafa, ko zazzaɓi, ko kasa riƙe fitsari, ko bayan faɗuwa, to ba na tausa ba ne. A garzaya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, in ta kama a wuce Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Roƙona ga duk mai taɓa jikin mutane don gyara: in ka gama, ka ce masa, "Malam, kada ka je ka kwanta, ka riƙa takawa." Kai kuma mai jikin, gobe in an idar da asuba, bar babur a zaure, ka taka zuwa gona. Fartanya in ta ƙare akwai wata a kasuwa. Gadon baya kuwa guda ɗaya Allah Ya ba ka.