Me Ya Sa Batirin Tocila Ke Saurin Mutuwa?

A Sandamu, kamar sauran garuruwan masarautar Daura, ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC yakan dogara da tocila mai caji wajen karatun dare. Sau da yawa kuwa, bayan 'yan watanni sai tocilar ta daina riƙe caji. Ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne shawarar nan da ake yawan bayarwa, wai a bari batir ya ƙare ƙarƙaf kafin a sa shi a wuta. Wannan shawara ta samo asali ne daga batirin nikel da kadmiyam na da. Yawancin tociloli masu caji na yau kuwa batirin dalma ko na litiyam suke da shi, kuma duka biyun ba sa son haka.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa batir ba ya tara lantarki yadda randa ke tara ruwa. Sinadaran cikinsa ne ke sauyawa. Mu ɗauki batirin dalma, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a 1859. Idan an kunna tocila, ruwan batir, wanda asid ne, yakan haɗu da farantan dalma, sai wani farin gishiri ya kwanta a kansu. Idan an sa caji, lantarki yakan narkar da gishirin, komai ya koma yadda yake. Amma in aka bar batirin ba caji na makonni, gishirin sai ya ƙanƙare, caji ya kasa narkar da shi.

Batirin litiyam kuwa, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, yakan kai bolt 4.2 idan ya cika. In ya faɗi ƙasa da kimanin bolt 2.5, cikinsa yakan lalace. Zafi ma yana tsofar da shi, ga shi kuma a watan Afrilu zafin ƙasar Daura kan kai digiri 40.

Saboda haka, da zarar haske ya fara dushewa, a kashe tocila a kai ta caji. In ta cika a cire ta, domin ƙananan tociloli da yawa ba su da na'urar yanke wuta. Kada a yi caji a rana ko ƙarƙashin matashi. Tocilar da za a ajiye lokacin hutu, a riƙa yi mata caji wata-wata. Batirin da ya kumbura kuwa, a daina amfani da shi nan take.

A ƙarshe, dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. A 2010 gubar dalma daga wuraren haƙar zinariya ta halaka yara kimanin 400 a Jihar Zamfara. Don haka kada a bar yara su fasa mataccen batir, kada kuma a jefa shi a murhu ko kusa da rijiya.