Daso: Muguwar Uwa A Wasa, Jakadiya A Fada

A kowane wasan kwaikwayo akwai wadda ake so, akwai kuma wadda ake ƙi. Yawancin 'yan kallo sunan yarinyar da aka zalunta suke riƙewa, su manta da cewa in babu azzaluma babu labarin. Wannan shi ya sa na zaɓi in yi bayani a kan marigayiya Hajiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso.

An haife ta ran 17 ga Janairu, 1968. Ba ta shiga harkar fim da ƙuruciya ba, sai da ta haye shekara 30. Fim ɗinta na farko shi ne Linzami Da Wuta, wanda kamfanin Sarauniya na Kano ya fitar a shekarar 2000. Daga nan ta fito a Nagari, da Gidauniya, da Mashi, da Sansani, da wasu masu yawa.

Daso ba ta cika fitowa a matsayin tauraruwar labari ba. Nata rabon shi ne ta zama kishiyar uwa mai azabtar da maraya, ko uwar miji mai hana amarya sakat, ko makira mai bin bokaye. Wannan aiki kuwa ba ƙarami ba ne. Dole mai yin sa ta san yadda ake harara, da tsaki, da tafa hannu, da riƙe ƙugu, da jefa habaici daidai wurin da zai yi zafi. In ta sassauta, mai kallo ba zai tausaya wa wadda aka cuta ba, darasin wasan kuwa ya faɗi ke nan. Daso ta ƙware ƙwarai, har a nan Arkilla in aka ga mace mai faɗa sai a ce, "Kai, wannan ai Daso ce!"

To, amma a nan ne wasu ke kuskure. Suna zaton halin da mutum ya nuna a wasa shi ne halinsa na gida. Ai wanda ya nuna maka rami bai tura ka ciki ba. Matar nan da ake tsoro a fim ita ce Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa Jakadiyarsa, kuma kowa ya san ba a ba mara ladabi aikin fada.

Allah ya yi mata rasuwa a Kano ran 9 ga Afrilu, 2024, a ƙarshen azumin Ramadan, tana da shekara 56.

Saboda haka, 'yan'uwana 'yan makaranta, in ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ba ɗayanmu matsayin muguwa, kada ta yi fushi, kada kuma sauranmu mu bi ta da sunan tsokana. Ita ce ta ɗauki kaya mafi nauyi. Allah ya jiƙan Daso, ya sa ta huta, amin.

Daga wata 'yar aji huɗu, Arkilla, Sakkwato.