Zuwa Gadabeji da motar kanka: abin da ya kamata ka sani

A Botswana da Namibiya yawon daji da mota sana'a ce babba. Mutum ya ɗauki hayar mota mai jan ƙafa huɗu da tanti a kan rufinta, ya loda ruwa da mai, ya shiga gandun namun daji irin na Kalahari ta Tsakiya, ya yi kwanaki yana tuƙa kansa, ba otal ba direba. Matasanmu na Dutsin-Ma da Kurfi suna ganin hotunan a waya, wasu har suna cewa su ma da Hilux ɗin gida za su iya. Za su iya, amma mota ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin.

A gida dai babu wurin yi. Dajin Rugu, da ya bi ta Safana da Batsari har iyakar Nijar, dattawa suna tuna lokacin da maharba ke shigarsa su fito da nama. Yau sunan 'yan bindiga ake kira in an ambace shi, kuma mai hankali ba ya kafa tanti a can. Gandun da ya fi kusa da mu a bakin hamada yana arewa: Gadabeji, a jihar Maraɗi. Hanyar ita ce Dutsin-Ma, Kurfi, Katsina, Jibiya, a ƙetara zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, a miƙe zuwa Dakoro. Daga nan sai turɓaya da rairayi har yankin Bermo.

An kafa gandun a 1955, faɗinsa kadada 76,000, kuma hukumar UNESCO ta amince da shi a 2017. Ba tsurar Sahara ba ce: tuddan rairayi ne da ciyawa ta rufe, da itatuwan aduwa nan da can, Bororo da Buzaye na kiwo a kewaye. Akwai barewa, dila, jan biri, tuje. Abin da ya fi jan ido shi ne raƙumin dawa, wanda fari da harbi suka ƙarar daga yankin tun shekarun 1970. Irin na Afirka ta Yamma ya ragu zuwa 49 kacal a tsakiyar shekarun 1990, dukansu a kewayen Kure, kusa da Yamai. Da suka farfaɗo suka haura 600, sai a Nuwamban 2018 aka ɗora takwas a babbar mota, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su zuwa Gadabeji. Kada a je da tsammanin garke irin na talabijin. Kana iya yini kana bin sawu kafin ka hango wuya ɗaya a kan bishiya.

Can gabas akwai Termit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012 da faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, wato ninki huɗu na jihar Katsina. Nan ne ragowar addaks, ɗan'uwan mariri mai murɗaɗɗen ƙaho, wanda wani bincike na 2016 ya ga uku kawai. Wannan wurin masu bincike ne da rakiyar soja, ba na yawon ƙarshen mako ba.

Lokacin tafiya Gadabeji hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Rana da sauƙi, amma dare a bakin hamada ya fi na Katsina cizo, don haka a riƙe bargo biyu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce maki 40. Da damina kuwa taɓo ke riƙe mota.

Ruwa ne farkon lissafi. A ƙiyasta lita biyar na sha ga kowane mutum a rana, ban da girki da alwala da lagireto, sannan a ƙara na kwana biyu don ɓacin rana. A raba shi a jarkoki da yawa, don in ɗaya ta fashe kada a rasa duka. Mai ma haka: motar da ka san shanta a titin Katsina za ta ƙara rabi ko fiye a cikin rairayi.

Tuƙin rairayi yana da nasa ilimi, kuma yawancinsa a taya yake. Iskar da mai faci ya cika maka don kwalta ita za ta binne ka, domin taya mai tauri haƙa take yi. Sai a sassauta ta zuwa kusan rabi, har ka ga cikinta ya ɗan baje, ta riƙa taka rairayi kamar tafin raƙumi. Da tayar a haka ba a gudu, ba a karya kwana da ƙarfi, in ba haka ba ta saɓule daga wili. In an dawo ƙasa mai tauri dole a mayar da iska, saboda haka famfo da geji ba abin mantawa ba ne. Da sassafe rairayi ya fi ɗaukar mota; da tsakar rana ya saki. In ka ji mota ta tsaya tayoyi na juyawa a wuri ɗaya, ɗaga ƙafa nan take. Ƙara wuta sai ya zaunar da ita a kan cikinta, ya ƙona kulos. A sauka, a share gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa katako ko ƙarfen taka, a fita a hankali. Safaya biyu, fanbel, igiyar ja, da faffaɗan katakon da za a ɗora jak a kai. Mota biyu ake tafiya da su, ba ɗaya ba. In kuwa ta mutu an rasa yadda za a yi, a zauna a inuwarta: masu nema mota suke hangowa, ba mai tafiya a ƙasa ba.

Wurin kwana a zaɓe shi tun la'asar. Ban da cikin busasshiyar ƙorama, ban da bakin rijiya, inda makiyaya ke shayar da dabbobi tun asuba. A shimfiɗa leda mai kauri kafin tabarma saboda ƙarangiya, wadda ke maƙale wa wando da safa, ta bar siririn ƙaya a yatsa idan an zo cirewa. Da safe a kaɗe takalmi don kunama, da dare kuma ba a yawo ba tocila, saboda kububuwa. Wuta a yi ta ƙarama a cikin rami, a binne ta kafin barci. Gobarar daji a nan tana cinye abincin dabbobin mutane na shekara guda, kuma makiyaya ba sa ɗaukarta da wasa. Bindiga da tarko haramun ne a gandun, haka sare ice. Direba ɗaya ya isa ya yi ɓarna: bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada, mai babbar mota ne ya kaɓe ta a 1973, kututturenta yana gidan tarihi na Yamai.

Tuƙa kanka ba ya nufin tafiya kai kaɗai. Izinin shiga gandun yana hannun ma'aikatan gandun daji na Nijar, kuma ɗan jagora daga cikinsu ko daga mutanen yankin ya fi taswirar waya, wadda ba ta san rijiyar da ta ƙafe ba. A kan iyaka ana neman takardun mutum, na mota, inshora da takardar kwastan ta shiga da mota na ɗan lokaci. Ka'idojin sun yi ta sauyawa: an rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ta buɗe ɓangarenta a Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A tambayi direbobin Jibiya da Maraɗi halin da ake ciki a makon tafiyar, a canza sefa tun a Katsina.

Batun tsaro shi ke yanke hukunci. Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga a kan babura suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da direbansu da jagoransu 'yan Nijar, waɗanda suka je kallon raƙuman dawa, kusan kilomita 60 daga Yamai. Hanyar Jibiya kanta kowa ya san labarinta, ba a binta da dare. A yi rajista wurin jandarma a Dakoro, a bar wa wani a gida sunan hanya da ranar dawowa, da lambar wanda zai kira in ranar ta wuce. In jandarma ko ma'aikatan gandun suka ce hanya ba ta biyuwa, a juya Maraɗi.